Kyanwa ta iso daga kilomita miliyan 31, amma masu sauraro sun tsufa

Ranar 11 ga Disamba 2023, wani kumbo mai suna Psyche, wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wata biyu kafin nan, ya aiko da bidiyo mai tsawon daƙiƙa 15 daga nisan kilomita miliyan 31. Wata kyanwa ce a ciki, mai suna Taters, tana farautar ɗigon haske a kan kujera. An naɗi bidiyon ne a ƙasa, aka ɗora wa kumbon tun kafin ya tashi. Saƙon ya yi daƙiƙa 101 a hanya, ya sauka a wani madubin hangen nesa da ke kan dutsen Palomar a Kalifoniya, da gudun megabit 267 a daƙiƙa. Ofisoshi da yawa a manyan biranen duniya ba su samun intanet mai wannan sauri.

Kafofin watsa labarai sun yi rububin kyanwar, kuma ba a ga laifinsu ba. Sai dai lambar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ta zo ne bayan wata huɗu, ranar 8 ga Afrilu 2024, lokacin da kumbon ya kai nisan kilomita miliyan 226 ya kuma aiko da bayanai da gudun megabit 25 a daƙiƙa. Wannan nisa ya yi kusa da wanda ke tsakanin duniya da kumbon Mariner 4 a watan Yulin 1965, sa'ad da ya gifta ta gefen Mars ya ɗauko hotunanta na kusa na farko a tarihi. Mariner 4 yana aiko da bit takwas da sulusi a daƙiƙa. Bit shi ne mafi ƙanƙantar awon bayani, sifili ko ɗaya, kuma bit takwas harafi guda ne kacal. Kowane hoto na Mariner 4 yana da ɗigo 200 a tsaye, 200 a kwance, jimilla bit 240,000, don haka sai ya ci wajen awa takwas kafin ya gama isowa. Injiniyoyin cibiyar JPL sun ƙagu har suka buga lambobin hoton farko a takarda, suka lilliƙa a bango, suka sayo alli mai launi suka yi ta shafawa da hannu. Da gudun da Psyche ya samu a 2024, wannan hoto zai iso cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Ninki miliyan uku ke nan a shekara 59.

Gagarumin ci gaba ne. Amma wanda ya bi tarihin yadda aka same shi zai ga cewa kaso mai tsoka na nasarar daga ƙasa ya fito, daga manyan eriyoyin da ke sauraro da kuma lissafin da ke tsamo magana daga cikin hayaniya. Kuma wannan ɓangare ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a yau.

Nisa da kuɗin da yake karɓa

Doka guda ce ke mulkin wannan fanni. Idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin saƙon da ke isowa yana komawa kashi ɗaya bisa huɗu; idan ya ninka goma, kashi ɗaya bisa ɗari. Gwajin Psyche ma bai kuɓuta ba. Daga kilomita miliyan 226 a Afrilu zuwa miliyan 390 a Yunin 2024, nisan ya ƙaru da ninki 1.7, wanda idan aka buga shi da kansa zai ba da kusan uku. Gudun kuwa ya faɗo daga megabit 25 zuwa 8.3 a ƙololuwarsa, wato kashi ɗaya bisa uku cif. Babu dabarar da ta taɓa soke wannan doka, sai dai a biya kuɗinta ta wata hanya.

Hanyoyin biyan ba su da yawa. Ana iya ƙara wa kumbo ƙarfin murya, amma lantarki a can kayan gabas ne: na'urar aika saƙo ta kumbon Voyager ba ta wuce wat 23 ba, kwatankwacin ƙwan fitila ɗan madaidaici. Ana iya faɗaɗa faifan eriyarsa, amma dole ya shiga cikin hancin roka. Ana iya hawa zango mafi tsini, domin duk lokacin da igiyar rediyo ta gajarta, saƙon yana fita a dunƙule maimakon ya watsu. Shi ya sa aka tashi daga zangon S mai gigahaz 2.3 zuwa zangon X mai 8.4, sannan zangon Ka mai 32. Sauran hanyoyi biyu suna hannun mutanen ƙasa: a gina kunne mafi girma kuma mafi tsit, a kuma shirya saƙon yadda za a gane shi ko da rabinsa ya lalace.

Dalilin da ya sa wannan ya wuce wasan injiniyoyi shi ne, abin da kumbo ya iya aikowa shi ne abin da duniya za ta yi imani da shi. Hotuna 21 da ɗoriya na Mariner 4 sun nuna kusan kashi ɗaya cikin ɗari na fuskar Mars, kuma aka yi rashin sa'a suka faɗa kan yanki mai ramuka, sai masana da yawa suka ɗauka Mars matacciya ce kamar wata. Da Mariner 9 ya isa a 1971, yana zagaya ta yana aiko da bit 16,200 a daƙiƙa, ya kawo hotuna sama da 7,000, sai ga tsaunuka masu aman wuta, ga kwazazzabo mai tsawon dubban kilomita, ga busassun hanyoyin da suka yi kama da na koguna. Mars ɗin dai ita ce. Ƙofar leƙen ce ta faɗaɗa.

Abin da ƙasa ta yi wa sama

A Disambar 1963 NASA ta kafa jerin tashoshin sauraron kumbunan nesa, wanda ake kira DSN a taƙaice. A yau cibiyoyinsa uku ne: Goldstone a hamadar Kalifoniya, ɗaya kusa da Madrid a Sifen, ɗaya kusa da Kanbera a Ostireliya. An raba su a kewayen duniya kusan daidai wa daida, domin yayin da kumbo ke faɗuwa a sararin wata tasha ya zama yana hudowa a wata. Eriyoyin farko faɗin mita 26 ne. A 1966 aka gama mai mita 64 a Goldstone, wanda ke tara saƙo ninki shida. Na'urorin da ke karɓar saƙon kuma ana sanyaya su da ruwan hiliyom har kusan digiri 269 ƙasa da sifili, saboda zafin na'ura kansa hayaniya ne da kan danne muryar kumbo.

Voyager 2 ne ya fi nuna ƙarfin wannan ɓangare. An harba shi a 1977. A Mushtari, cikin 1979, yana aiko da bit 115,200 a daƙiƙa. Neftun, inda ya isa a watan Agustan 1989, ta fi Mushtari nisa kusan ninki shida, don haka bisa dokar nisa bai kamata a samu fiye da bit 3,000 da 'yan kai ba. An samu 21,600. Ba wanda ya taɓa ko ƙusa ɗaya a jikin kumbon a tsawon shekaru goma sha biyun. An dai faɗaɗa manyan eriyoyin daga mita 64 zuwa 70. An haɗa eriya da eriya suna sauraro tare a tara abin da suka ji, har aka aro faifai 27 na wata cibiyar nazarin taurari a New Mexico, da na Parkes a Ostireliya. An kuma aika wa kwamfutar kumbon sabon umarni: maimakon ta faɗi hasken kowane ɗigo na hoto, ta faɗi bambancinsa da maƙwabcinsa kawai, tunda yawancin hoton baƙin sarari ne da ba ya canzawa.

Batun lissafin gyaran kuskure yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta banki a Najeriya. Lamba ta goma a lambar asusu ana samo ta ne daga sauran lambobin da lambar banki, ta yadda idan an yi kuskuren bugu na'ura za ta iya ganewa. Kumbo yana yin irin wannan, amma ya zarce ganewa zuwa gyarawa. A 1948 Claude Shannon ya tabbatar da cewa kowace hanyar sadarwa tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka ba tare da kuskure ba, kuma ana iya kusantar iyakar idan aka tsara saƙo da hikima, ko da yake bai faɗi yadda za a yi ba. Shekaru aka shafe ana lalube. Tsarin da Voyager ya fara da shi yana ninka saƙo biyu don kariya. Tsarin Reed da Solomon, wanda ya koma kansa daga Uranus, yana ƙara harafi 32 ne kawai a kan kowane 223. Tsarin nan dai shi ne ke sa faifan CD mai ƙarzuwa ya ci gaba da waƙa, shi ne kuma ke sa wayar hannu ta karanta lambar QR da ta ɗan goge. A 1993 wasu injiniyoyi a Faransa, Claude Berrou da Alain Glavieux, suka fito da tsarin turbo, wanda ya matso daf da iyakar Shannon har masana suka fara zaton an yi kuskure a gwajin.

Sai Galileo, wanda labarinsa ya kamata a riƙa koyar da shi a duk inda ake horar da injiniyoyi. An harba shi a 1989 zuwa Mushtari da eriya mai faɗin mita 4.8 a naɗe kamar laima. A Afrilun 1991 aka ba ta umarnin buɗewa, sai haƙarƙari uku cikin 18 suka maƙale. An ɗumama ta da rana, an sanyaya ta a inuwa, an yi ta kunna injin buɗewar ana kashewa sau dubbai. Ba ta buɗe ba. An tsara kumbon zai aiko da bit 134,000 a daƙiƙa, ƙaramar eriyar da ta rage kuwa bit 10 za ta iya bayarwa daga Mushtari, kusan gudun Mariner 4 na shekara talatin baya. Kafin kumbon ya isa a Disambar 1995, da kuma watannin da suka biyo baya, aka sake rubuta manhajarsa daga nesa, aka koya masa matse hotuna, aka sauya tsarin gyaran kuskure, aka haɗa eriyoyin ƙasa. Gudun ya kai bit 160, kuma da matsewa ya zama daidai da kusan 1,000. NASA ta ƙiyasta cewa an cim ma kimanin kashi 70 cikin ɗari na burin binciken, har da shaidar da ta nuna akwai teku mai gishiri a ƙarƙashin ƙanƙarar Yuropa, ɗaya daga cikin watannin Mushtari. Kashi 30 ɗin da ya salwanta ma darasi ne: dubban hotunan da za su nuna yadda guguwar Mushtari ke motsi kwana bayan kwana ba su taɓa isowa ba, domin kullum sai an zauna an zaɓi abin da za a aiko da abin da za a shafe.

New Horizons ya gifta Fuluto cikin 'yan sa'o'i ranar 14 ga Yuli 2015, amma sai ƙarshen Oktoban 2016 ya gama sauke abin da ya tara, da gudun bit dubu ɗaya zuwa biyu. Bayanan gaba ɗaya ba su kai gigabait bakwai ba, abin da ɗalibi kan cinye a mako guda.

Alƙawarin leza da sharaɗinsa

A nan ne leza ta shigo. Igiyar hasken da Psyche ya yi amfani da shi, wanda ido ba ya gani, ta fi ta rediyo gajarta ninki dubbai, saboda haka saƙon yana tafiya a tsuke sosai. Na'urar tana da madubi mai faɗin santimita 22 da leza mai wat huɗu, amma ta yi abin da eriya mai mita uku ta kumbon MRO, da ke zagaya Mars tun 2006, ba ta iya yi: ƙololuwar MRO megabit shida ne, shi ma idan Mars ta matso. Tun a 2013 an gwada leza daga wata aka samu megabit 622, amma wata maƙwabci ne. Psyche ne ya kai gwajin nisan duniyoyi, har kilomita miliyan 494 a Disambar 2024.

Masu cewa zamanin rediyo ya wuce sun yi gaggawa. Tsukewar da ke ba leza ƙarfi ita ce kuma rauninta. Dole kumbo ya saita haskensa da daidaiton da ƙaramar girgiza ke iya ɓatawa, kuma ya auna inda duniya za ta kasance bayan mintunan da hasken zai yi a hanya. Kumbon da ya rikice yana wulwulawa ba zai iya wannan ba, kuma a daidai wannan lokaci ne aka fi buƙatar jin muryarsa. Da Galileo ya dogara da leza kaɗai, da babu labarin da za a bayar. Haka a Nuwamban 2023, lokacin da wani guntun ma'ajiyar kwamfutar Voyager 1 ya lalace ya koma aiko da shirme, tsohon rediyon nan ne ya ba injiniyoyi damar gano cutar su kuma kwashe manhajar zuwa wani wuri, aikin da ya kai su Afrilun 2024, kowace tambaya da amsarta tana cin kusan kwana biyu.

Sannan ga girgije. Rediyon zangon X yana ratsa hadari, leza ba ta ratsawa. Tashar leza guda ba ta isa ba, sai an jera da yawa a wurare masu tsawo da bushewa, domin idan sama ta rufe a nan ta kasance a buɗe a can. Madubin Hale da ya karɓi bidiyon kyanwar, mai faɗin mita biyar da ɗoriya, an gama shi ne a 1948 don masu nazarin taurari, aronsa aka yi. An ɗora masa wata na'ura da ake sanyayawa har kusan ƙarshen sanyin da zai yiwu, mai ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya. Gwajin ya ƙare a watan Satumbar 2025, kuma har zuwa ranar babu jerin tashoshin leza na dindindin da wani kumbo na gaba zai dogara da su.

Layin jira

Ga inda gizo ke saƙa. Kumbuna kusan 40 ne ke rabon eriyoyin DSN, waɗanda ba su kai ashirin ba, kuma ba na Amurka kaɗai ba: Indiya, Japan, Turai da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa duk sun yi amfani da su. A Yulin 2023 ofishin babban mai binciken NASA ya fitar da rahoto cewa buƙata kan zarce abin da tashoshin za su iya ɗauka da kashi 40 cikin ɗari a wasu lokuta, kuma shirin da aka fara a 2010 na gina sababbin eriya shida masu mita 34 ya makara da shekaru. A ƙarshen 2022, tafiyar gwaji ta Artemis I zuwa wata ta ci awa 903 na sauraro, ƙananan taurarin da aka harba tare da ita suka ci 871, wasunsu ma neman su ake yi bayan sun ɓace. Ayyukan kimiyya suka rasa awa 1,585, ciki har da madubin James Webb da aka kashe wa kusan dala biliyan goma. Wannan tafiya ce da babu mutum a ciki. Idan akwai 'yan sama jannati, babu mai jayayya cewa su za a fara saurara.

Manyan eriyoyi uku masu mita 70 kuwa an gina su ne tsakanin 1966 da tsakiyar shekarun 1970. Na Kanbera shi kaɗai ne a duniya ke iya aika wa Voyager 2 umarni, saboda kumbon ya karkata kudu, kuma da aka rufe shi don gyara a Maris ɗin 2020 sai da aka yi wata takwas ba a ce wa kumbon uffan ba. Na Goldstone ya samu lahani a Satumbar 2025 bayan ya juya fiye da ƙima, aka dakatar da shi.

Ba wuya a gane dalilin wannan sakaci. Roka tana tashi da wuta da ƙara a gaban kyamara, ɗan majalisa yana iya tsayawa a gefenta a ɗauki hoto. Sauya famfon sanyaya na'ura a hamada ba ya kawo ƙuri'a. Duk wanda ya ga yadda ake ƙaddamar da sababbin gine-gine da kiɗa yayin da kuɗin kula da tsofaffi ke ƙafewa ya san halin, kuma arzikin ƙasa bai hana ta kamuwa da shi. Sai dai a wannan fanni lissafin a bayyane yake. Kuɗin da aka zuba a kumbo guda yana amfanar kumbon kaɗai, kuma daga ranar da ya tashi an rufe littafinsa. Kuɗin da aka zuba a eriya ko a na'urar karɓa yana amfanar kowane kumbo da ke sama, har waɗanda aka harba kafin a haifi masu gyaran. Hukumar da ke da hankali za ta ware wa tashoshin ƙasa kasonsu tun a ranar da ta amince da sabon kumbo, ta kuma daina ɗora wa manyan eriyoyi ƙananan taurarin da tasha mai araha za ta iya saurara.

Wasu sun fahimci cewa mai kunne shi ne mai iko. Hukumar Turai ta gina eriyoyinta masu mita 35 a Ostireliya, Sifen da Ajantina. Sin tana da nata a Jiamusi da Kashgar, da guda a Ajantina. Indiya ta kafa mai mita 32 a Byalalu kusa da Bangalore. Afirka ma ta taɓa zama cikin wannan taswira. Tashar Hartebeesthoek kusa da Johannesburg tana cikin waɗanda suka saurari Mariner 4, kafin NASA ta janye daga can a tsakiyar shekarun 1970, kuma Kano ta karɓi tashar bin sawun kumbunan Mercury masu zagaya duniya a farkon shekarun 1960, ko da yake aikinta na kusa ne. A 2022 aka aza harsashin sabuwar tasha a Matjiesfontein, cikin busasshen yankin Karoo na Afirka ta Kudu, don tafiye-tafiyen wata. Zamanin leza zai ƙara wa irin waɗannan wurare daraja, tunda abin da yake nema shi ne tudu, bushewa da sararin da ba ƙura, ga lantarki da layin intanet da ba sa yankewa. Sharaɗin ƙura kaɗai ya isa ya fitar da yankunan da harmatan ke lulluɓewa wata uku a shekara.

Akwai wata hanya ta tsakiya da ta fi kama hankali. A Goldstone an manna ƙananan madubai a tsakiyar wata eriyar gwaji mai mita 34, ta yadda take jin rediyo da leza a lokaci guda, kuma a ƙarshen 2023 ta karɓi megabit 15 da ɗoriya daga Psyche a nisan kilomita miliyan 32. Idan girgije ya taso sai a koma rediyo ba tare da an juya faifai ba. Faɗaɗa wannan zuwa cibiyoyin uku aikin kasafin kuɗi ne, kuma kasafin ne har yanzu ba a gani ba. A halin da ake ciki, Voyager 1, daga nisan kilomita biliyan 25, yana ci gaba da aiko da bit 160 a daƙiƙa, kuma duk sa'ar da aka ba shi a kan babbar eriya an ɗauke ta ne daga wani kumbon da ke jira.